Yadda Ake Kallon Tseren Tsofaffin Motocin Amurka Masu Ƙwanji a Gane Daɗinsa

Wanda ya saba da kallon Formula 1, ranar da ya fara cin karo da tseren tsofaffin motocin Amurka zai ga kamar hannun agogo aka mayar baya. Motocin ga su ɓula-ɓula, ga nauyi, in sun shiga kwana sai su karkata kamar kwalekwale, baya yana zamewa, direba yana ta kokawa da sitiyari. To, daɗin nasu a nan yake. Motar tsere ta yau manne take da kwalta, gwanintar direbanta sai masana ke iya gani. Waɗannan kuwa inji ya fi ƙarfin birki, ya fi ƙarfin taya, saboda haka duk abin da hannu da ƙafar direba suka yi, nagari ko kuskure, a fili yake ga mai kallo. Sai dai ido yana bukatar a koya masa inda zai duba.

Mataki na 1: Fara da sanin motar

Motoci masu ƙwanji, kamar yadda Amurkawa ke musu laƙabi, dabara ɗaya aka bi aka ƙera su: a ɗauko ƙaton inji mai silinda takwas, wanda ake kira V8, a cusa a bodin da bai kai girmansa ba, a tura ƙarfin zuwa tayoyin baya. Pontiac GTO ta 1964 ce ake yawan cewa ta buɗe ƙofa, a shekarar ce kuma Ford Mustang ta fito. An yi yawancinsu ne don miƙaƙƙiyar hanya, a taka totur na tsawon mita 400 a ga wanda ya riga. Tseren zagaye wani abu ne daban: hanya ce mai kwana hagu da dama, da hawa da gangara, ana zagaya ta sau da yawa. Kai irin wannan mota can tamkar a ce da ingarman da ya saba sukuwa a fili ya bi lungu ne.

Riƙe abubuwa huɗu game da ita. Giya huɗu ce ta hannu. Kafireto ke ba ta mai, babu kwamfuta. Babu na'urar da ke hana taya cijewa in an danna birki, babu mai hana ta zamewa in an ba ta wuta. Tayoyin baya kuma sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa su, galibi a kan sifirin mai falle-falle irin na a-kori-kura.

Mataki na 2: Fahimci dokar da ta haife su

A 1966 ƙungiyar tseren motoci ta SCCA ta ƙirƙiro gasar Trans-Am, aka yi tseren farko a Sebring da ke jihar Florida a watan Maris. Dokar ta ce injin manyan motoci kada ya wuce lita 5, wato 305 a ma'aunin girman inji na Amurkawa (inci-kubik, lambar da suke kiran inji da ita), kuma dole kamfani ya sayar wa jama'a irin motar da yake son ya shigar. Wannan doka ce ta sa Chevrolet ta haɗa gangar injin 327 da karanshaf na injin 283, ta sami 302, ta sa shi a Camaro Z/28 ta 1967. Ford ta mayar da martani da Mustang Boss 302 a 1969. AMC, ƙaramin kamfani a cikinsu, ya ƙera Javelin 2,501 masu ɗauke da sa hannun direban tsere Mark Donohue a 1970, don kawai a amince masa da fiffiken da ke bayan motar.

Injin da ba shi da girma sosai, in ana son ƙarfi, sai a sa shi ya yi ta juyi da sauri. Makanikan lokacin sun riƙa fitar da ƙarfin doki sama da 400 daga lita 5, injin yana juyawa kusan sau 8,000 a minti. Nauyi kuma sun yaƙe shi har da maguɗi: a tsoma bodi cikin asid ya cinye ƙarfen ya yi sirara. Direba Sam Posey ya ba da labarin yadda a filin tsere na Laguna Seca a 1970 mai binciken motoci ya dogara da gwiwar hannu a kan rufin Dodge Challenger ɗinsa, rufin ya lotsa. Dole suka nemo wata Challenger a wurin dillali, suka yanke rufinta suka yi wa tasu walda.

Mataki na 3: Haddace launuka kafin sunaye

A cikin gudu ba za ka iya karanta suna ba, launi za ka gani. Camaro shuɗiya mai rubutun Sunoco da rawaya ta mai ƙungiyar tsere Roger Penske ce, wadda Mark Donohue ya ci tsere 10 cikin 13 da ita a 1968, Chevrolet kuma ta sake ɗaukar kambu a 1969. Mustang ruwan lemo mai lamba 15 ta Parnelli Jones ce, mai lamba 16 ta George Follmer, dukkansu daga garejin Bud Moore, su ne suka kai Ford ga kambun 1970. Challenger kore shar mai lamba 77 ta Posey ce. Plymouth Barracuda shuɗiya mai duhu ta Dan Gurney da Swede Savage ce. Javelin mai ja da fari da shuɗi ita ce Donohue ya ci 1971 da ita bayan Penske ya koma AMC, Follmer kuma ya maimaita a 1972.

Shekarar 1970 ce ƙololuwa, domin a ita ce Ford, Chevrolet, Dodge, Plymouth, Pontiac da AMC duk suka hallara a fili ɗaya. A ita ce kuma Jerry Titus, direban Pontiac Firebird, ya rasu sakamakon haɗarin da ya yi a filin tsere na Road America. Daga nan manyan kamfanoni suka fara janye kuɗinsu, dokar hayaƙi da tsadar inshora suka matse kasuwar, ƙarancin man fetur na 1973 ya ƙarasa ta.

Mataki na 4: Zaɓi inda za ka kalla

In ainihin motocin kake so, nemi rukunin Historic Trans-Am. Ba sa karɓar kwaikwayo, sai motar da takardu suka tabbatar ta yi gasar a zamaninta. Suna fitowa a filaye irin su Sonoma da Laguna Seca da ke jihar Kalifoniya, musamman a taron tsofaffin motoci na Monterey da ake yi a watan Agusta, wanda ya samo asali tun 1974. Kalifoniya tana bayan Najeriya da Nijar da awa takwas a lokacin, don haka tseren rana a can kallon dare ne a nan.

Ga mai farawa dai, ni Goodwood da ke kudancin Ingila nake ba da shawara. Taron Revival ana yinsa a watan Satumba tun 1998, ana nuna shi kai tsaye kyauta a YouTube, kuma a watan agogonsu da namu ɗaya ne. Motocin da suka yi zamani har zuwa 1966 ake shigarwa, saboda haka ba za ka ga Camaro ba, amma a shekarar da gasar St Mary's Trophy ta faɗo kan motocin shekarun 1960 za ka ga Ford Galaxie mai lita 7 tana fafatawa da Mini Cooper da injinta bai kai lita ɗaya da rabi ba. Camaro da Boss Mustang sai a ɗaya taron nasu, Members' Meeting, a farkon shekara. Ostireliya ma tana da nata: gasar Touring Car Masters, da filin Bathurst mai kilomita 6.213 a kan tsauni, ƙasar da har yau ake yabon jar Mustang ɗin direba Allan Moffat.

Mataki na 5: Kama kwana ɗaya ka zauna a kanta

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne masu farawa suka fi tsallakewa. Kowa yana son miƙaƙƙiyar hanya saboda gudu, alhali a can kowane direba abu ɗaya yake yi: ƙafa a ƙasa. Bambanci a kwana yake fitowa. Zaɓi kwana ɗaya, in kana filin ka tsaya a wajen, in bidiyo ne ka riƙa mayar da shi baya, ka raba kallon gida uku.

Na farko, shiga. Nemi wata alama a gefen hanya, allo ko canjin launin kwalta, ka lura a ina kowace mota take sunkuyar da hanci. Nan ne aka taka birki. Mota mai kusan tan ɗaya da rabi, da inji mai nauyi a gaba, ba ta tsayawa da wuri, don haka direba yakan fara birki tun da nisa. Wanda ya jinkirta da tsawon mota ɗaya zai iya wuce abokin hamayya, zai kuma iya cije taya ya wuce kwanar gaba ɗaya, hayaƙi fari yana tashi.

Na biyu, tsakiya. Nauyin gaba yana sa motar ta ƙi juyawa, ta riƙa turawa waje. Gwani yakan saki birki a hankali yana juya sitiyari, nauyi ya zauna a kan tayoyin gaba su kama, baya ya ɗan saki ya juyo da motar. Dubi tayoyin gaba da kyau: sau da yawa za ka ga kwanar ta dama ce amma suna kallon hagu. Direba ne yake tare bayan da ya zame. Tayoyin da ake amfani da su na tsohon saƙi ne, suna jure zamewa a hankali ba tare da sun suɓuce lokaci ɗaya ba, shi ya sa ake iya riƙe motar a karkace har ta fita.

Na uku, fita. A nan haƙuri ke cin tsere. Wanda ya yi gaggawar ba ta wuta, tayar ciki za ta yi ta juyi a banza, baya ya fita, ya ɓata lokaci yana gyarawa. Yana burge 'yan kallo, amma agogo ba ya yabonsa. Wanda ya jira motar ta miƙe kafin ya danna, shi za ka ga ya tsere a hanyar da ke biye.

A Laguna Seca kwanar da za ka kama ita ce Corkscrew, inda hanya ke juyawa hagu sannan dama tana faɗawa ƙasa kimanin mita 18, direba kuma ba ya ganin inda zai sauka sai ya riga ya juya. A Goodwood kuwa kalli yadda Galaxie ke barin Mini a miƙe, Mini ta kamo ta a birki, ta kutsa ta ciki, Galaxie ta sake wucewa. Zagaye bayan zagaye haka ake yi, kuma ni ban san wani abin kallo a tseren mota da ya fi wannan koyar da ido ba.

Mataki na 6: Sa kunne

In bidiyo ne, nemi wanda aka ɗauka daga cikin mota, ka sa abin sauraro a kunne. In a fili ne, toshe kunnen, domin salansar a buɗe take, tana fita ta gefe. Gurnanin V8 na Amurka ya samo asali ne daga yadda silindojin kowane ɓangare ba sa tashi a tazara daidai. Abin da za ka saurara shi ne ɗan gajeren kukan da inji ke yi kafin kwana, sau ɗaya ko biyu. Direba ne yake taka birki da yatsun ƙafar dama, yana taɓa totur da dunduniya ko gefen ƙafar, ta hagu tana kan kuloci, don juyin inji ya dace da giyar da zai sauko. In ya kuskure, tayoyin baya su cije, su riƙa tsalle, ka ji ƙara kamar ana buga ƙofa.

Mataki na 7: Karanta tseren

A zamaninsu tseren yakan wuce awa biyu, da tsayawa shan mai da canjin taya. Na yau gajeru ne, mafi yawa ba su kai rabin awa ba, amma ko a hakan zafi yana aikinsa. Lura da alamar birkin da ka kama a mataki na 5: motar da ta fara taka birki da wuri fiye da ɗazu, birkinta ya yi zafi ya fara sanyin jiki, na bayanta kuma ya gani. Tuta rawaya haɗari ne a gaba, ba a wuce kowa. Shuɗiya, mai sauri na tafe a bayanka. Mai ratsin ja da rawaya, mai ya zube ko hanya na santsi, abin da tsofaffin injuna ke yawan jawowa. Ja, an tsayar da tsere.

Kada ka yi mamaki in ka ga direba ya ba da hanya a inda na zamani zai rufe. Ƙungiyoyi da dama a Amurka suna bin dokar da ake kira 13/13: wanda ya jawo karo, a sa masa ido ko a dakatar da shi wata 13. Dalili kuwa, motar da Parnelli Jones ya tuƙa in ta lalace ba a sake samun ta.

Mataki na 8: Shiga wurin makanikai

A manyan gasanni na zamani shinge ne tsakaninka da motoci. A tarukan tsofaffin motoci na Amurka, galibi tikitinka ya isa ka shiga inda ake ajiye su, bonet a buɗe, makaniki yana canza filogi. Yi sallama, nemi izini kafin ka taɓa, ka leƙa ciki: kejin bututun ƙarfe, bel mai kama kafaɗu da ƙugu, na'urar kashe gobara, tankin mai na musamman da ba ya saurin fashewa. A nan ne kawai aka yarda zamani ya shigo sosai. Tambayi mai motar wa ya tuƙa ta a da, ka tanadi lokaci, domin amsar ba gajeriya ba ce.

Wanda kuma zuciyarsa ta raya masa tuƙi, hanyar a bayyane take: makarantar koyon tsere, gwajin likita, lasisin ɗan koyo daga ƙungiya irin SVRA ko HSR a Amurka, a Turai kuma motar tana bukatar takardar shaidar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, da ke tabbatar da cewa an haɗa ta yadda take a zamaninta. Kada ka fara da V8. Fara da ƙaramar mota mai jan baya, irin Mazda MX-5, a filin da aka killace, ba a kan titin jama'a ba. Kafin nan ma, wasan Gran Turismo 7 yana da Laguna Seca da Goodwood. Ɗauki tsohuwar Camaro, kashe duk na'urorin taimako, ka gwada sauka Corkscrew sau goma a jere ba tare da tayarka ta taɓa yashi ba.