Yadda Ake Shiga Kundayen Deep Purple Ba Tare da Ɓatan Hanya Ba

Tawagar Deep Purple ta Ingila ta soma kiɗa a 1968, kuma zuwa 2024 ta fitar da kundi 23 na situdiyo, ban da na wasannin dandali da tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi. Abin da ke kayar da sabon mai sauraro shi ne ya ɗauka suna ɗaya na nufin kiɗa ɗaya. Mawaƙa da makaɗan jita sun yi ta sauyawa, mai ganga Ian Paice kaɗai ne yake cikin kowane kundi. Saboda haka masu bibiyar tawagar suke kasa ta zubi-zubi, gwargwadon mutanen da ke ciki a lokacin. Kafin ka saurari kowane kundi, fara duba shekararsa, da wanda ya yi waƙa, da wanda ya riƙe jita.

Kada ka fara daga farko. Kundaye ukun zubin farko, na 1968 da 1969, tare da mawaƙi Rod Evans, kiɗa ne mai laushi, da yawa daga waƙoƙin ma na wasu ne suka sake rerawa. Wanda ya zo neman kiɗan rok mai nauyi ya fara da su zai juya tun daga bakin ƙofa. Ajiye su zuwa ƙarshe.

Mashigar ita ce Machine Head na 1972, aikin zubi na biyu: Ian Gillan a waƙa, Ritchie Blackmore a jita, Jon Lord a ogan, Roger Glover a jitar bes, Paice a ganga. Waƙoƙi bakwai ne, kimanin minti 37. Ka ware wannan lokaci, ka kashe tsarin da ke cakuɗa waƙoƙi a manhajarka, ka bi su a jere yadda aka tsara su a faifai. A garin Montreux na Suwizalan aka ɗauke shi a Disamba 1971. Gidan cacan da suka yi niyyar aiki a ciki ya ƙone ana tsakiyar wasan makaɗin Amurka Frank Zappa, sai suka koma wani otal da babu baƙi, suka kafa kayan kiɗa a hanyar wucewa ta cikin otal ɗin, motar ɗaukar sauti ta tawagar Rolling Stones tana waje. Labarin gobarar ne ke cikin waƙar Smoke on the Water ta wannan kundi. Amfanin sanin wannan shi ne za ka gane dalilin da sautin yake a bushe, kusa da kunne, kamar mutum biyar ne ke kiɗa a ɗaki ɗaya da kai.

A sauraron farko, bi ganga da bes kawai. A na biyu, koma kan jita da ogan, domin a nan sirrin tawagar yake. Lord yana haɗa ogan ɗinsa na Hammond da amfilifaya ta Marshall irin ta masu jita, shi ya sa sautinsa yake gurnani har sabon kunne ya ɗauka jita biyu ce. A Highway Star kowannensu yana da gurbin da yake kiɗa shi kaɗai, ogan ne a gaba, jita ta biyo baya. Idan ka iya raba su a wannan waƙa, za ka raba su a ko'ina.

Wannan aiki ba ya yiwuwa da lasifikar waya. Ƙaramar lasifika ba ta fitar da ƙasan sauti, sai bes ɗin Glover ya ɓace, ganga ta koma kamar ana buga gwangwani. Sa iyafis a kunnuwa biyu, ba ɗaya ba, don an raba kayan kiɗan tsakanin hagu da dama. Mai kunne ɗaya rabin tawagar yake ji. Idan wayarka tana da saitin haɗe sauti wuri ɗaya, kashe shi, haka ma saitin ƙara bes, domin yana danne ogan. Game da data kuwa, MP3 mai ingancin 320 yana cin kusan megabait 2.4 a minti, wato Machine Head zai ci wajen 90. Mai ingancin 128 bai kai rabin haka ba, amma farantan ƙarfen Paice su ne farkon abin da ke lalacewa, sai ka ji suna shuu kamar ana soya ƙosai. Idan data ta yi ƙaranci, gara kundi ɗaya mai kyau da biyar marasa inganci. Ka kuma sassauta ƙara, kiɗan nan yana sa hannu ya yi ta ƙara murya ba tare da an lura ba.

Bayan ka san waɗannan waƙoƙi har kana iya bin su da baki, sai ka ɗauki Made in Japan, wanda aka ɗauka a Osaka da Tokyo daga 15 zuwa 17 ga Agusta 1972. A ganinmu wannan ne ƙololuwar aikinsu, amma bai dace ya zama na farko ba. Shi ma waƙoƙi bakwai ne, sai dai sun cika faifai biyu, Space Truckin' kaɗai ta kusa minti ashirin. Daɗinsa yana cikin jin yadda suka miƙe waƙar da ka sani, suka karkata ta, suka dawo da ita gida. Wanda bai san asalin waƙar ba zai ji hayaniya ce kawai mai tsawo. Saurari wurin da Gillan da Blackmore suke amsa wa juna a Strange Kind of Woman, jita ta faɗa murya ta maimaita, da kuma kiɗan ganga na Paice a The Mule. Martin Birch ne ya ɗauki sautin, kamar yadda ya ɗauki Machine Head. Yi hattara da sunaye masu kama da juna: Live in Japan na 1993 faifan CD uku ne na waɗannan darare, na masu son kwatantawa ne, shi kuwa Last Concert in Japan na wani zubi ne daban, kuma a daren da aka ɗauke shi mai jitar yana fama da ciwon hannu. 

Daga nan koma baya zuwa In Rock na 1970, wanda ya fi Machine Head zafi da kaushi. Child in Time tana ciki, minti goma, tana farawa a hankali da ogan kafin Gillan ya ɗaga murya. Kada ka ƙara sauti don farkon ya yi ƙasa, abin da ke tafe zai cika kunne. A nan ne batun bugu yake da muhimmanci. Bugun Amurka na asali ya yanke gabatarwar Speed King, wato rugugin jita da ogan da ke buɗe kundin. Black Night kuma ba ta cikin kundin asali, ita kaɗai aka fitar da ita, sai a bugun cika shekara 25 na 1995 aka haɗa ta. Fireball na 1971 ma haka: bugun Ingila yana da Demon's Eye, na Amurka ya sa Strange Kind of Woman a gurbinta. Shi Machine Head, bugun 1997 faifai biyu ne, ɗaya sautin asali da aka gyara, ɗaya sabon haɗin da Glover ya yi. Fara da na asali. A wannan bugu za ka sami When a Blind Man Cries, wadda aka bari a waje a 1972, kuma barin ta asara ce. Who Do We Think We Are na 1973 aikin mutanen da suka gaji da juna ne, ana jin haka a cikinsa. Saurare shi sau ɗaya ka wuce.

Gillan da Glover sun fita a 1973, David Coverdale da Glenn Hughes suka shigo, muryoyi suka zama biyu. Burn na 1974 shi ne abin nema a wannan zubi. Stormbringer, na shekarar dai, ya karkata zuwa salon fonk da sol na baƙaƙen Amurka, abin da bai yi wa Blackmore daɗi ba har ya fice. Come Taste the Band na 1975, da Tommy Bolin a jita, kundi ne mai kyau da ake zalunta saboda ana auna shi da ma'aunin Machine Head. Saurare shi a matsayin aikin wata tawaga dabam, za ka ji ƙimarsa. A 1976 suka watse.

Zubi na biyu ya sake haɗuwa a 1984 da Perfect Strangers, kuma shi ne ya cancanci lokacinka a wannan zango. Nemi bugun CD, domin Not Responsible ba ta cikin faifan garmaho. Slaves and Masters na 1990 Joe Lynn Turner ne ya yi waƙa, kada ka saya da zaton muryar Gillan za ka ji. Blackmore ya tafi gaba ɗaya a 1993, bayan The Battle Rages On.

Kuskuren da tsofaffin masoya suka fi yi shi ne tsayawa a nan. Purpendicular na 1996, kundin farko da Steve Morse a jita, yana da walwalar da ta daɗe da ɓacewa a tawagar. Fara da Sometimes I Feel Like Screaming. Morse ba ya kwaikwayon Blackmore, idan ka zauna jiran hakan ba za ka ji abin da yake yi ba. Lord ya bar tawagar a 2002, Don Airey ya karɓi ogan, Lord ya rasu a 2012. Daga Now What?! na 2013 Bob Ezrin ne ke jagorantar ɗaukar kundayensu, kuma wannan kundi ne mafi kyawun mashiga ga wannan zamani, sai Whoosh! na 2020. Muryar Gillan ta sauko da shekaru, an kuma tsara waƙoƙin daidai da ita. Turning to Crime na 2021 duk waƙoƙin wasu ne, ka san haka kafin ka saya. Kundin =1 na 2024 shi ne na farko da Simon McBride a jita, waƙoƙinsa gajeru ne masu kaifi, don haka saurare shi kai tsaye bayan Machine Head ka kwatanta hannun Paice a tsakanin shekara 52.