Yadda nake ƙiyasta ƙarfin injin da aka yi wa sauye-sauye ta hanyar manhaja

Bayan na sa wa injina sabon kam, wato sandar da ke buɗe bawul tana rufe su, aka aske tof silinda, na kuma sauya salansa tun daga bakin inji har ƙarshe, duk wanda ya leƙa bonet tambaya ɗaya yake yi mini: doki nawa motar ta koma, wato nawa ne ƙarfin injinta yanzu? Ni ma abin da ke cin raina ke nan. Amsar da ba ta da gardama sai a kan daino, na'urar nan da ake ɗaure mota a kai tayoyinta su juya ganga a auna. Amma tun kafin a je can, har ma kafin ka sayi ƙarfe ko ɗaya, kwamfuta za ta iya ba ka ƙiyasin da za ka yi aiki da shi, muddin ka ba ta gaskiya.

Manhajojin ba ɗaya suke ba. DynoSim ta Motion Software da Engine Analyzer ta Performance Trends an yi su ne don irinmu masu kwance inji da hannu. GT-Power kuwa ta injiniyoyin masana'anta ce, tana bin motsin iska a cikin kowane bututu, kuma tana neman bayanan da yawancinmu ba mu da su. Ka fara da mai sauƙi. Dukkansu abu ɗaya suke lissafawa: yawan iskar da silinda ke shaƙa a kowane juyi, da ƙarfin murɗawar da za ta fito idan an ƙona ta da mai. Doki daga nan yake fitowa. Ka ninka ƙarfin murɗawa na Nm (niyuton-mita, ma'auninsa) da yawan juyi a minti, ka raba da 9549, ka sami kilowat. Doki ɗaya kuma wat 745.7 ne.

Abin da na fi matsa wa kowa a kai shi ne kada ya fara da injin da aka gyara. Ka fara gina injin yadda ya fito daga masana'anta, wanda ka riga ka san ƙarfinsa a takarda. Nawa mai silinda huɗu ne, faɗin silinda milimita 86, tafiyar fistin ita ma 86, jimilla cc 1998, kuma masu shi sun rubuta doki 150. Da na shigar da komai a karon farko, manhajar ta ce 163. Na ji daɗi na ɗan lokaci, sannan na tuna cewa injin da ban taɓa ba tukuna ba shi da inda zai samo doki goma sha uku. Na koma ina bin akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Ashe a wajen salansa na bar zaɓin da manhajar ta zo da shi, wato buɗaɗɗen bututu irin na motar tsere, ba katalis ba tukunyar rage ƙara. Da na gyara wannan, na kuma rage girman mashigar iska zuwa abin da na auna da hannuna, sai ta sauko 153. A nan na tsaya. Idan ƙiyasinka ya zo kusa da na masana'anta, kuma ƙololuwar ƙarfin ta faɗo a juyin da suka faɗa, to ka sami tushe. Ka adana shi da suna na daban, kada ka sake taɓa shi.

Daga nan sai ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, kana rubuta abin da ya ƙaru ko ya ragu.

Kam shi ne inda aka fi yin ɓarna, don haka zan daɗe a kansa. Takardar da ke zuwa da shi yawanci tana ɗauke da lambobi biyu na tsawon lokacin da bawul ke buɗe. Akwai babba wadda ake talla da ita, ana auna ta tun bawul bai gama rabuwa da mazauninsa ba. Akwai kuma wadda ake aunawa bayan an ɗaga da inci 0.050, ko milimita 1 a wurin masu ƙera kam da yawa na Japan da Turai. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu tana iya kai digiri 40 ko fiye. Ni na taɓa zuba 264 ta talla a akwatin 0.050, sai layin jadawalin ya yi ta hawa har ya wuce juyi 9000 bai sauko ba, ƙarfin ƙaramin juyi kuma ya mutu murus. Inji irin wannan babu shi a motata. Duba abin da akwatin yake nema kafin ka rubuta. Haka ma tsayin ɗagawa: idan injinka yana da roka, ƙarfen da ke tsakanin kam da bawul, lambar da ke jikin kam ba ita ce ta bawul ba sai ka ninka ta da adadin da rokar ke ƙarawa. Sannan kada ka manta da inda aka ɗaura kam ɗin. Matsar da kam ɗin shigar iska gaba da digiri huɗu yakan jawo ƙarfi zuwa ƙasa, mayar da shi baya kuma ya tura shi sama. Wannan gwaji ne da manhaja ke yi a cikin daƙiƙa, wanda da hannu zai cinye maka yini.

Matsin silinda kuwa aunawa ake yi, ba a cewa "wajen goma da rabi ne". Na kifar da tof ɗin a kan benci, bawul da filogi suna ciki, na shafa giris siriri a gefen ramin da mai ke ƙonewa a ciki, na manna farantin roba mai garai-garai da aka yi masa 'yar huda. Sai na riƙa ɗiga ruwa mai launi da sirinji, ina kallon kumfar iska tana tsukewa tana gudu zuwa bakin hudar har ta ɓace. Abin da sirinji ya ba da shi ne girman ramin. Ka haɗa da kaurin gaskit da kwarmin kan fistin da ɗan gibin da ke tsakanin fistin da saman bulo. A wurina jimillar ta sauko daga cc 55.5 zuwa 52.5. Kowace silinda tana shara cc 499.6, saboda haka matsin ya tashi daga 10 zuwa 10.5. Dubi yadda cc uku kacal suka motsa shi.

Sai yawan iskar da tof ke iya wucewa da ita. Idan an faɗaɗa maka hanyoyin, nemi takardar awon bencin iska, mai nuna cfm, wato yawan iskar da ke wucewa a minti, a kowane matakin ɗagawar bawul, ba lamba ɗaya ta sama kawai ba. Ka tambaya a wane matsi aka auna. Yawanci inci 28 na ruwa ne, amma wasu suna yi a 25, kuma sai ka ninka tasu da 1.058 kafin ta yi daidai da ta 28. Lambar da ka tsinta a intanet ta tof ɗin wani ce, ba naka ba. In babu yadda za ka yi, yi amfani da ita amma ka rage mata, ka kuma sa a ranka cewa nan ne raunin ƙiyasinka yake.

Da na haɗa sauye-sauyen uku, manhajar ta ba ni 178. Ba 178 nake faɗa wa mutane ba. Tushena ya nuna 153 a inda gaskiya take 150, don haka abin da na yarda da shi shi ne ƙarin 25, na ɗora shi a kan 150, na ce wajen 175. Manhajojin nan sun fi iya faɗin bambanci tsakanin gini biyu fiye da faɗin ainihin lamba.

Kafin ka yarda da sakamako, yi masa awon hankali. Injin fetur marar turbo da ya yi kyau sosai yana ba da Nm 100 da ɗoriya a kowace lita. Honda S2000, wadda ta fitar da doki 240 daga lita biyu a juyi 8300, ƙarfin murɗawarta bai wuce Nm 208 ba. Idan allonka ya nuna 250 a lita biyu ba turbo, akwai akwatin da ka cika ba daidai ba. Duba gudun fistin ma: tafiyar milimita 86 a juyi 8000 tana nufin kusan mita 23 a daƙiƙa, kuma wannan ya kusa iyakar abin da kayan masana'anta ke jurewa. Manhaja za ta zana maka layi har 10,000 ba tare da ta san ƙarfin konrod ɗinka, sandar da ke riƙe da fistin, ba. Ba ta kuma jin ƙwanƙwasar inji. Takan ɗauka cewa man yana da kyau, nozul suna ba da isasshe, an kuma saita birenbos, kwamfutar injin, daidai. Ga masu turbo wannan ya fi tsanani, domin iska mai zafi da ƙwanƙwasa su ne ke cinye dokin da lissafi ya yi alkawari.

Akwai hanya ta biyu da nake gwada ƙiyasin da ita bayan mota ta hau titi. Na'urar OBD, wadda ake jonawa da kwamfutar mota, tana karanta giram nawa na iska ke shiga a daƙiƙa. A giya ta uku, a wurin da babu kowa, ka taka totur har ƙasa, wani yana riƙe da waya yana naɗa. Raba lamba mafi girma da 0.8, za ka sami kusan dokin injin. Tawa ta nuna 138, wato wajen 172, kusa da abin da na ƙiyasta.

Ranar daino kuma kada gabanka ya faɗi idan ka ga 150. Manhaja tana ba da ƙarfi a bakin karanshaf ne, daino kuwa a taya, bayan giya da sauran ƙarafa sun ci nasu, wanda ake ƙiyastawa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a mota mai giyar hannu da taya biyu ke ja. Tambayi mai na'urar da wane ma'auni ya daidaita sakamakon. SAE J1349 yana mayar da shi kamar an auna a zafin digiri 25 da matsin iska kilofaskal 99, DIN 70020 kuma a digiri 20 da matsi mafi yawa, don haka lambarsa takan ɗan fi. Saita manhajarka a kan ma'aunin da ya yi amfani da shi, sannan ka ɗora jadawalin biyu a kan juna ka dubi siffar layin, musamman juyin da ƙarfin murɗawa ya kai ƙololuwa. Nawa ya zo da wuri da juyi 300 fiye da na kwamfuta, shi ya sa na sake buɗe murfin gaba da faifan digiri a hannu don in ga inda kam ɗin ya zauna.