Kurakuran da aka fi yi wajen gane sinadaran galaksi ta hasken gama

Idan ƙaton tauraro ya mutu a wata galaksi (wato babban tarin taurari) mai nisa, wani lokaci yakan fashe, ya yi aman hasken gama (wato gamma, haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani) na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya bar wani haske da ke dusashewa cikin kwanaki. Wannan haske na biyu yana ratsa iskar galaksin kafin ya iso mana. Kowane sinadari sai ya tsotsi nasa launin, ya bar siririn baƙin layi a cikin bakan hasken, wato jerin launukansa idan aka warware shi kamar bakan gizo. Layukan nan ake karantawa, kuma a nan masu koyo ke tuntuɓe.

Tuntuɓen farko a kan kalmar "ƙarfe" ne. A bakin masana taurari, duk abin da ya fi haidurojin da hiliyam nauyi ƙarfe ne, har da oksijin da kabon. In ka ji an ce galaksi tana da ƙarancin ƙarfe, ana nufin taurarinta ba su kai ga dafa sinadarai masu nauyi da yawa su watsa mata ba.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗaukar cewa irin wannan fashewa ba ta faruwa sai a galaksi matalauciyar sinadarai. Maganar tana da tushe. Tauraro mai ƙarancin ƙarfe ba ya zubar da jikinsa sosai, don haka yana riƙe saurin juyawarsa har ranar mutuwa, kuma wannan juyin ne ake ganin yana harba hasken. Amma yawanci daban, kullum daban. A watan Maris na 2009 aka ga fashewar GRB 090323, wadda haskenta ya yi tafiyar kusan shekara biliyan 12. Da aka auna ta da babban madubin hangen nesa na VLT da ke ƙasar Cile, sai ga galaksi biyu maƙwabtan juna da sinadaransu masu nauyi suka zarce na Rana, tun sararin samaniya tana ƙuruciya. Gyaran shi ne ka auna tukuna, kada ka shiga da hukuncinka a aljihu.

Wani kuskuren kuma shi ne auna arzikin galaksi da baƙin ƙarfe. Shi baƙin ƙarfe yana liƙewa a jikin ƙwayoyin ƙura, ya ɓace daga iskar, sai lissafinka ya fito ƙasa da gaskiya. Ka dogara da tutiya da farar wuta, waɗanda ƙura ba ta cika kama su ba. Da su aka auna galaksin nan biyu.

Haka kuma, hasken ta hanya ɗaya siririya ya bi, kamar allura cikin buhun gero. Abin da ya gani ba lallai ya zama halin galaksin duka ba. Wasu layukan ma na wasu galaksi ne da ya gifta a hanya, don haka ka duba nisan inda kowane layi ya samo asali kafin ka jingina shi ga galaksin da fashewar ta faru a ciki.

Kada kuma ka cuɗa doguwar fashewa, irin ta mutuwar ƙaton tauraro da muke magana a kai, da gajeruwa. Wadda ba ta kai daƙiƙa 2 ba yawanci karon taurarin niyutiron biyu ne (dunƙulallun ragowar taurarin da suka mutu), kuma tana iya faruwa a tsohuwar galaksi, kamar ta watan Agustan 2017 a galaksin NGC 4993.