Kafin Ka Cusa Noti a Cikin Piyano: Yadda Ake Tsara Kiɗan Gwaji

Danna maɓalli ɗaya daga can hagun piyano, inda sauti ya fi kauri, ka riƙe shi. Kada ka ɗaga yatsa sai kunnenka ya daina jin komai. A babban piyano mai kwance, jiran yakan kai rabin minti, wani lokaci ya wuce. Da farko za ka ji dukan gudumar da ke cikin piyano a kan tsirkiya, gau, sai ƙarfin ya faɗo nan take, sannan ya lafa ya riƙa janyewa a hankali, wasu siraran sautuka suna leƙowa daga samansa suna ɓacewa, wani yana ta karkarwa ya ƙi mutuwa. Duk wanda ya ce mini yana son tsara kiɗan gwaji a piyano, wannan ne aikin farko da nake ba shi, kuma sai ya yi shi a wurare daban-daban na maɓallan nan 88 kafin in yarda ya rubuta ko nota ɗaya, wato sauti guda na kiɗa.

Dalili kuwa, piyano abin duka ne. Mai busa sarewa yana iya ƙara wa sauti ƙarfi bayan ya fara shi, haka ma mai jan goge. Makaɗin piyano da zarar guduma ta taɓa tsirkiya, sauti ya fita daga hannunsa. Saura ya bar shi ya mutu da kansa ko ya katse shi. Tun da Bartolomeo Cristofori ya ƙera na farko a Italiya wajen shekarar 1700, yawancin masu tsara kiɗa dabara suke yi su rufe wannan rauni, su sa piyano ya yi ta kwaikwayon muryar mawaƙi. Kai da kake son yin gwaji, raunin nan shi ne jarinka. Abin da ke faruwa bayan duka ya fi dukan kansa yawa, kuma shi ne aka fi yin watsi da shi.

Tambaya ɗaya tak

Kada ka fara da dabaru. Fara da tambaya guda wadda da gaske ba ka san amsarta ba, kuma ka rubuta ta a saman takarda cikin jimla ɗaya. Misali: idan hannun dama yana maimaita nota bakwai, na hagu yana maimaita biyar, duk da gudu iri ɗaya, me kunne zai ji kafin su sake haɗuwa? Lissafi ya ce za su haɗu bayan bugu 35. Abin da lissafi bai faɗa ba shi ne, a tsakiya wani kari na uku zai ɓullo wanda babu hannun da ke kaɗa shi, ya fito ne daga gogayyar biyun. Wannan kari na uku shi ne kiɗanka, kuma ba za ka san kamanninsa ba sai ka zauna ka kaɗa.

Manyan wannan fanni haka suka yi. A 1967 Steve Reich ya ba makaɗa biyu jerin nota 12 iri ɗaya, ya ce ɗaya ya riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan har ya wuce ɗan'uwansa da nota ɗaya, ya tsaya nan, sannan ya sake. György Ligeti kuma, a kiɗan farko na jerin da ya fitar a 1985, ya tsare hannun dama a kan fararen maɓallai, na hagu a kan baƙaƙe, yana gutsure bugu ɗaya daga na dama lokaci-lokaci har hannuwan biyu suka rabu da juna. Ka'idar kowannensu za ta shiga layi biyu na rubutu. Ni a ganina, in ba za ka iya bayyana ka'idar kiɗanka ga wanda bai san piyano ba cikin numfashi ɗaya, to ba ka same ta ba tukuna.

Ƙuntata wa kanka da gangan. Nota shida kawai. Ko oktaf ɗaya, wato maɓallai 12 a jere, na can sama, inda tsirkiyoyi ba su da damfa, wato ɗan ulun da ke sauka ya kashe sauti, don haka kullum a sake suke suna amsa duk abin da aka kaɗa. Ko ka hana kanka kaɗa nota biyu a lokaci guda. Mafari yakan ji tsoron ƙunci, yana ganin kiɗan zai fito a tsiyace, alhali abin da ya fi kashe kiɗan mafari shi ne ya zuba duk abin da ya sani a shafi uku.

Abin da maɓallai ke ɓoyewa

Kafin ka buɗe murfi, akwai aiki mai yawa a kan maɓallai. Gwada wannan. Danna C ɗin da ke oktaf ɗaya ƙasa da C na tsakiya (C shi ne farin maɓallin da ke hagun baƙaƙe biyu) a hankali ƙwarai, yadda guduma ba za ta kai ga tsirkiya ba, ka riƙe shi shiru. Da ɗaya hannun, doki C na tsakiya da ƙarfi ka saki nan take. Sautin ba zai tafi ba. Zai ci gaba da shawagi siriri, daga tsirkiyar da ba ka doka ba, domin ka ɗage mata damfa kuma tana da dangantaka da wadda ka doka. Yanzu doki G ɗin da ke sama da C na tsakiya, wato farin maɓalli na biyar in ka fara ƙirga daga C, za ka ji shi ma ya maƙale. Doki C mai ƙari, baƙin maɓallin da ke kusa, kusan babu abin da zai rage. Mai tsara kiɗa Arnold Schoenberg ya rubuta irin wannan dannawar shiru tun 1909, amma har yau ba a ƙure ta ba, domin kowane rukunin maɓallan da ka riƙe yana ba ka inuwa dabam.

Fedar tsakiya ta piyano mai kwance tana riƙe maka damfar maɓallan da ka riga ka danna kaɗai, sai hannuwanka biyu su sami 'yanci. Ka lura, a yawancin piyano masu tsaye fedar tsakiya wani aiki take yi, tana sauko da ƙyalle tsakanin guduma da tsirkiya don rage ƙara. In ka gina kiɗanka a kan wannan feda, ka rubuta a fili cewa sai mai kwance. Fedar dama ma, wadda ke ɗage damfa gaba ɗaya, ba sama da ƙasa kawai ta sani ba. Taka ta rabi, ko ka sake ta a hankali bayan duka mai ƙarfi, ka ji yadda siraran sautuka ke fara mutuwa su bar masu kauri.

Sai curin sauti, wanda Henry Cowell ya yi suna da shi: tafin hannu ko dantse gaba ɗaya a kan maɓallai. Dantse yakan rufe kusan oktaf biyu. Kowa yana yin curi da ƙarfi. Gwada shi a hankali, sannan ka riƙa ɗaga yatsu ɗaya bayan ɗaya har nota biyu su rage. Wannan sassaƙawar ta fi dukan daɗi nesa ba kusa ba.

Cikin piyano

Cowell ɗin nan ne dai, a shekarun 1920, ya tura hannu ciki ya riƙa shafa tsirkiyoyi da yatsa da farce. Abu uku sun ishe ka farawa. Ka ja tsirkiya da farce alhali ka taka fedar dama. Ka danne ta da yatsa kusa da ƙarshenta sannan ka doki maɓalli, ta ba ka sauti busasshe mai kama da na ganga. Ko ka ɗora yatsa sama-sama a daidai tsakiyarta ka doka, sai ta ba ka oktaf na sama, mai ƙara irin ta ƙararrawa. A kashi ɗaya cikin uku na tsawonta kuwa, oktaf da tazarar biyar, wato irin tazarar da ke tsakanin C da G.

A nan ne matsalar da ta fi kowace cin mutane take. Tsirkiyoyin piyano wajen 230 ne, kuma jan da suke yi gaba ɗaya ya kai tan 18 zuwa 20, shi ya sa ake ɗaure su a firam ɗin ƙarfe mai sanduna. Sandunan nan ba wuri ɗaya suke ba a kowane piyano. Shafar da ta tafi sumul daga wannan nota zuwa waccan a piyanonka, a wani piyanon sandar ƙarfe za ta tare ta a tsakiya. Haka tsirkiyoyin ƙasa suna haye kan na tsakiya, inda suke hayewa ma ya bambanta. Saboda haka kada ka ce dole sai daga nota kaza zuwa kaza. Ka ce a shafa sashen da ya fi kauri, daga hagu zuwa sandar farko. Ka kuma ƙidaya lokacin da makaɗi zai miƙe, ya sunkuya, ya dawo ya zauna, ƙafarsa na kan feda. Ka yi motsin da jikinka kafin ka ɗora wa wani.

Cusa abubuwa tsakanin tsirkiyoyi kuwa, John Cage ya fara shi a 1940 a birnin Siyatil na Amurka. An nemi ya yi wa 'yar rawa Syvilla Fort kiɗa, dandalin ba shi da wurin da makaɗan ganguna za su zauna, piyano ɗaya ne kawai, sai ya mayar da piyanon ya zama gangunan. Matsi ne ya haifi dabarar, ba neman burgewa ba. Daga baya, tsakanin 1946 da 1948, ya rubuta jerin kiɗa 20 da ake shirya wa nota 45 da noti da sukuru da roba da filastik, yana auna nisan kowanne daga damfa da inci, shirin kuma yakan ci awa biyu zuwa uku.

Kai fara da nota biyar. A tsakiyar piyano kowace nota tsirkiya uku gare ta. Taka fedar dama domin damfa ta ɗage, ka buɗa tsirkiya biyu da wani siririn katako ko filastik, ka zura sukuru a tsakani yadda ƙasansa ba zai taɓa allon katakon da ke ƙasa ba. Doka. Matsar da shi rabin inci ka sake dokawa, za ka ji ya zama wani abu dabam. Roba tana kashe sauti ta bar duka, ƙarfe yana ba da amon ƙararrawa, noti da aka bari sako-sako a jikin sukuru yana zuza. Taka fedar hagu, gudumar ta gusa ta kauce wa tsirkiya ɗaya, nota ɗaya ta ba ka murya biyu.

Ladabin wannan aiki ba abin wasa ba ne. Wanke hannu ka busar, domin gumi yana sa tsirkiyoyin ƙasa masu naɗin tagulla su dushe. Kada ka taɓa damfa, saurin karkacewa gare ta. Kada ka tura abu da ƙarfi. In bai shiga da sauƙi ba, ya yi kauri. In piyanon ba naka ba ne, nemi izinin mai shi da na mai saita shi tukuna. Batun sake saitin tsirkiyoyi gaba ɗaya, irin wanda La Monte Young ya fara a 1964, ka ajiye shi sai ka mallaki piyanon da babu mai tambayarka.

Wani abu kuma: shekarun yawancin waɗannan dabaru sun haura tamanin, wasu sun kai ɗari. Ba wanda zai yi mamaki don ka sa noti a piyano. Ba girin-girin ba, ta yi mai. In sautin da aka shirya bai amsa tambayar da ke saman takardarka ba, cire shi.

Tsawo da fasali

Kunna na'urar ɗaukar sauti ka kaɗa abin da ka'idarka ta yarda da shi na minti goma, ba tsayawa. Kada ka saurara ranar. Washegari ka saurara da fensir a hannu, kana rubuta daƙiƙar da hankalinka ya tashi ya bar kiɗan da wadda ya dawo. Sau da yawa wurin da ka fi jin daɗi kana kaɗawa shi ne ya fi gundura a saurare, domin yatsu ne suka more, ba kunne ba.

Daga nan ja layi ɗaya a takarda, farko zuwa ƙarshe, ka sa alamar inda abu zai canza. Canji biyu ko uku sun isa ga kiɗan minti biyar. Tsawo ma shawara ce da za ka yanke da hujja. Morton Feldman a shekarun 1980 ya rubuta kiɗan piyano da ke wuce awa ɗaya, kusan duk cikin sanyin murya, kuma yana riƙe mai sauraro ne domin abin da ake zaton maimaici ne kullum akwai ɗan abin da ya gusa a cikinsa. In naka maimaicin gaske ne, minti uku ma ya yi yawa. Idan ka ga hannunka yana komawa inda ya saba, jefa ɗan lido ya zaɓa maka nota ko tsawon shiru, sannan ka yi wa abin da ya fito hukunci da kunne. In kuma abin da kake ji a ka ya fi ƙarfin yatsu goma, akwai gurbinsa: Conlon Nancarrow ya shafe shekaru a Meziko yana huda naɗin takarda da hannu domin piyano mai kaɗa kansa, yana tafiyar da murya biyu da gudu daban-daban, uku a kan huɗu da makamantansu. Yau kwamfuta tana yin wannan cikin sauƙi.

Rubutawa domin wani ya kaɗa

Manhaja irin MuseScore za ta tsara maka shafi mai kyau, amma kada ka yarda da sautin da take mayar maka. Ba ta san inuwar maɓallin da aka danna shiru ba, ba ta san noti ba. Inda bugu ba shi da ma'ana, rubuta lokaci da daƙiƙa: riƙe na daƙiƙa takwas, ko riƙe har sauti ya ɓace. Biyun nan ba ɗaya ba ne, domin na biyu ya dogara da girman piyano da na ɗaki. In akwai alamar da aka riga aka sani ta wata dabara, yi amfani da ita; kada ka ƙirƙiro taka sai dole.

A shafin farko ka jera duk abin da ake bukata: irin piyanon, girman kowane sukuru, tsakanin tsirkiya ta nawa da ta nawa, nisa daga damfa. Kusa da kowane ma'auni ka kwatanta sautin da kake nema da kalmomi, ka ce in ma'auni da sauti suka saɓa, a bi sauti, tunda tsawon tsirkiya ya bambanta daga piyano zuwa piyano. Sannan ka miƙa wa makaɗin da bai taɓa jin kiɗan ba, ka zauna gefe ka kame bakinka. Duk inda ya tsaya ya ɗago kai ya dube ka, sa alama a taka takardar, wurin yana bukatar gyara. Ka kuma rubuta minti nawa shirin yake ci da minti nawa cirewa, domin mai tsara taron kiɗa ya san ko zai sa naka a farko, ko bayan hutun rabin lokaci, ko ya nemo piyano na biyu.