Babi na Shida: Zaɓen Jakar Goyo Don Hawan Dutse Mai Zango-Zango

Darasi na 1: Me ya sa sai da jaka?

Kowa ya buɗe wannan shafi ya sa yatsa a layin farko. Ba sauri muke yi ba. Wanda kalma ta gagare shi ya ɗaga hannu, babu abin kunya, dukkanmu koyo ne ya tara mu.

A babin da ya gabata mun koyi ɗaura ɗamarar hawa da sa hular kwano. Yau kan jaka za mu tsaya. Igiyar hawa yawanci mita 60 ce ko 70, dutse kuwa bai san da wannan lissafi ba. In bango ya fi igiya tsawo, sai a raba hawan zango-zango. Na gaba ya hau kamar mita 30 ko 40, ya sami matsaya ya ɗaure kansa, na baya ya biyo shi yana cire kayan da aka kafa a hanya, su haɗu, su sake wani zangon. Bango mai tsayin mita 300, wato kimanin tsayin Dutsen Zuma daga gindinsa, zai iya cin zango takwas zuwa goma. Irin wannan hawan ake yi a kwazazzabon Todra a Maroko, da na Verdon a Faransa, da duwatsun Hombori a Mali, inda dutsen nan da ake kira Hannun Fatima yake.

To ku lura. Da zarar ƙafarka ta bar ƙasa, ba ka da damar saukowa shan ruwa. Awa biyar, awa shida kana rataye a jikin dutse, abin da ka goya shi ke gare ka. Ruwa, ɗan abinci, rigar tare iska, tocilar goshi, takalmin da za ka sauko da shi ta bayan dutse, duk a bayanka suke.

Abu biyu ake zaɓa tsakaninsu. Akwai ƙaramar jakar goyo, akwai kuma falmaran ɗin ruwa, wato 'yar rigar nan marar hannu mai aljifai gaba da baya, wadda asali masu gudun dogon zango aka ɗinka wa. Ko wacce ka ɗauka, doka ɗaya ce, kuma ina so ku rubuta ta a saman shafinku yanzu: ba a zaɓen jaka a hannu, a jiki ake zaɓenta. Ku karanta tare da ni. Madalla. Za mu dawo kanta.

Darasi na 2: Karanta rubutun da ke jikin jaka

Ku duba takardar da ke rataye a jikin jaka, ko rubutun da aka ɗinka a gefenta. Za ku ga lamba, sannan harafin L a manne da ita, kamar haka: 18L. Wannan L ɗin yana nufin lita. Jakar tana cin kaya lita 18 ke nan. Ba nauyinta ba ne, ba kuɗinta ba ne, ba kuma yawan ruwan da za ka zuba ba ne. Girman cikinta ne kawai.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Wani lokaci za ka ga L shi kaɗai, babu lamba a gabansa. Wannan girman jiki yake nufi, irin na riga. S na ƙaramin jiki, M na matsakaici, L na babba. A jikin falmaran kusan kullum za ka ga duka biyun. L mai lamba, lita. L marar lamba, girman jiki. Wani ɗalibi a ajin bara ya sayi falmaran mai L yana murna ya sami mai cin kaya da yawa, shi kuwa siriri ne kamar sillen kara, rigar ta dinga yawo a jikinsa. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa gaya masa. Ku an gaya muku.

Don hawan yini ɗaya, jaka mai lita 12 zuwa 20 ta isa. Akwai waɗanda aka yi musamman saboda wannan aiki, kamar Bug ta kamfanin Petzl mai lita 18, da Rock Blitz ta Black Diamond mai lita 15. Ban ce lallai su za ku saya ba, na kawo su ne don ku ga girman da masu sana'ar suka tsaya a kai. Falmaran kuwa yawanci tsakanin lita 5 ne zuwa 12.

Aiki: kowa ya rubuta 15L, 18L, 20L a littafinsa, ya karanta wa na kusa da shi.

Darasi na 3: Ruwa

Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce. Leda biyu, lita ɗaya. Lita ɗaya ta ruwa kuma nauyinta kilo ɗaya ne. Saboda haka in ka ɗauki lita biyu, leda huɗu ke nan, kilo biyu a bayanka tun ba ka sa komai ba. Yawancin masu hawa lita biyu suke ɗauka a yini, in rana na dukan bangon kuma su ƙara.

A cikin jaka ana zura wata salkar roba mai mesa. Mesar ta biyo ta kafaɗa ta sauko ƙirji, ka ɗan ciji bakinta ka tsotsa. Amfaninta shi ne kana sha ba tare da ka sauke jaka ba. Wani ma'aikacin agajin gaggawa a Amurka, Michael Eidson, shi ya fara wannan dabara a ƙarshen shekarun 1980, lokacin wani tseren keke a jihar Texas cikin tsananin zafi. Ledar ƙarin ruwa ta asibiti ya cika, ya zura a safa, ya maƙala a bayansa. Daga nan kamfanin CamelBak ya samo asali, sunan kuma bayan raƙumi yake nufi. Mu dai mun san tozon raƙumi kitse ne ba ruwa ba, amma ba za mu yi musu da su a kan suna ba.

Salka tana da aibi biyu. Ba ka ganin abin da ya rage, sai dai ka tsotsa ka ji iska. Sannan in ka manne ƙirjinka da dutse, bakin mesar yakan matsu ruwa ya tsiyaye ba ka sani ba. Ku nemi mai ɗan makulli a baki, ku riƙa rufewa bayan kowane sha. Wanda ya fi son gora, to ya ɗaure ta da siririyar igiya, don gorar da ta suɓuce daga zango na biyar kan wani za ta faɗa.

Darasi na 4: Gwaji

Wannan shi ne darasin. Da za ku manta da sauran duka ku riƙe wannan, da na gode.

Ka je wurin mai sayarwa da ɗamararka da hular kwanonka da 'yar jakar allinka, wato ta garin allin da ake shafawa don busar da gumin hannu. Kada ka bar su a gida. Ka fara ɗaura ɗamara, yadda muka koya, a saman ƙashin ƙugu. Ka rataya ƙugiyoyi, wato zobban ƙarfen nan masu ɓalli da ake maƙala igiya da kaya da su, a madaukan gefe da na baya kamar za ka hau. Ka ɗaura jakar alli. Ka sa hula. Sannan ka zuba wa jakar da kake son saya kaya: leda huɗu ta ruwa, takalmi, riga. Jaka wayam kowa tana yi masa daɗi, ƙarya take yi maka. Sai an loda ta halinta ke fitowa.

Yanzu ka goya ta, ka ja maɗauran kafaɗa, ka ɓalla na ƙirji. Sai abu uku.

Ka ɗaga hannuwanka biyu sama iyakar iyawarka, kamar mai ciro mangwaro. In maɗauri ya cije ka a wuya ko hammata, ko jakar ta riƙe kafaɗarka, ba taka ba ce.

Ka ɗaga kai ka kalli sama sosai. Mai riƙe wa abokinsa igiya rabin yininsa sama yake kallo. In bayan hular ya bugi saman jaka ya turo hular kan idonka, ba taka ba ce.

Ka kai hannu baya ka tsoma a jakar alli, sannan ka ciro ƙugiya daga madaukin baya ba tare da ka duba ba. In gindin jakar ya sauko ya rufe su, ba taka ba ce. Jakar hawa gajeriya ce, a saman ɗamara take zama, tana bar wa ƙugu wurinsa.

Hannu sama, kai sama, hannu baya. Ku faɗa. Hannu sama, kai sama, hannu baya. Wanda bai iya ba a karon farko kada ya damu, sannu ba ta hana zuwa. Hajiya da ke layin baya ta fi wasunku samarin kamawa, kuma ita ba ta taɓa goya jaka ba sai makon jiya. Ku mata, ku ƙara da duba maɗaurin ƙirji, a ga yana matsawa sama da ƙasa har ya zauna inda ba zai takura ba.

Bari in sake, domin na san abin da zai faru. Za ku shiga shago, ku ga jaka mai kyan launi, ku ɗaga ta da hannu ɗaya ku ce ba nauyi, ku buɗe zif ku rufe, ku biya. Na ga haka ba sau ɗaya ba. Wani bawan Allah da na koyar ya zo filin gwaji da doguwar jaka irin ta 'yan makaranta. Na tambaye shi ko ya gwada, ya ce ya gwada. Ashe goyawa kawai ya yi a kan riga ya dubi madubi. A zango na biyu hannunsa ya jiƙe da gumi, ya kai baya neman alli, jakar goyo ta rufe jakar allin. Ya ɗaga kai neman hanya, hula ta rufe masa ido. Allah ya kiyaye igiya ta riƙe shi, amma a wannan rana hawan mutum huɗu ya lalace saboda minti biyar ɗin da ya ƙi ɓatawa a shago.

Ɗamara tukuna. Hula. Kaya a cikin jaka. Sannan hannu sama, kai sama, hannu baya. In mai shago ya ce ba ya yarda a loda wa jakarsa kaya, ka yi masa sallama ka tafi wani. In aro ka yi wurin aboki, ka gwada, domin bayanku ba ɗaya ba ne. In kyauta aka ba ka, ka yi godiya, sannan ka gwada. Ni fa na gaji da jin "Malam, ai na ga kamar za ta yi." Ku manya ne, wasunku da jikoki. Ba wanda zai sayi takalmin sallah bai zura ƙafa ba, amma abin da ranka zai rataya tare da shi a sama da mita ɗari, shi za ka saya da ido?

Aiki: ku tashi biyu-biyu. Ɗaya ya goya, ɗaya ya duba. Sau uku kowa.

Darasi na 5: Falmaran ko jaka?

Falmaran yana manne wa jiki, ba ya lilo, kuma aljifan gabansa suna ɗaukar gorori masu laushi na rabin lita, da waya, da dabino. Amma yadinsa raga ne mai laushi, kaushin dutse yana yaga shi da wuri, kuma da wuya takalmi ya shiga. Abin da ke ƙirjinka ma yakan tokare ka in ka manne da bango. Ya dace da gajeriyar hanya wadda za a sauko ta igiya.

Jaka ta fi ƙarko, ta fi cin kaya. A nemi mai santsin baya, marar tarkacen igiyoyi da aljifan raga da za su maƙale, mai madauki ƙaƙƙarfa a sama. In hanya ta shiga tsagar da sai ka jingina baya da dutse, ta wannan madauki za ka rataye jakar a ɗamara ta yi lilo a ƙarƙashinka. Sau da yawa jaka ɗaya ake ɗauka wa mutum biyu, na baya ya goya. To in haka ne, ku biyun za ku gwada ta, tunda ana musayar gaba. Kun san gwajin.

Darasi na 6: Shirya kaya

Salka a jikin baya. Takalmi a ƙasa. Riga da tocila a sama. Dabino da gyaɗa a aljihu. Kilishi yana kawo ƙishi, ku bar shi sai an sauko. Kada a buɗe jaka a matsaya sai an maƙala ta da ƙugiya.

Darasi na 7: Bayan an dawo

A zubar da ragowar ruwa, a ɗauraye salka da mesa, a shanya a buɗe don kada su yi funfuna. A duba ɗinki.

Mako mai zuwa kowa ya zo da jakarsa da ɗamara da hula. Wanda ya zo da jaka kaɗai zai koma gida ya ɗauko sauran.