Yadda na raba mesar boa da saɓar da ta maƙale mata

Asalin mesar boa dazuka masu danshi ne na Kudancin Amurka, shi ya sa hunturun Kano ke wahalar da ita. Wadda na karɓo, mai ita ya yi watsi da ita, ta rame, tsohuwar saɓa ta maƙale a wutsiya da idanu.

Na sa ta cikin ruwa mai ɗumi marar zurfi na minti 20, sannan ta ratsa jiƙaƙƙen tawul, saɓar jikin ta sulluɓe. Don Allah kada a ɓare da ƙarfi, rauni ake ji mata. Saɓar idon kuwa, likitan dabbobi ne ya cire.

Yanzu danshin kejinta kashi 60 zuwa 70 ne, gefen kejin da ake ɗumamawa kuma digiri 32. Abinci kuwa ƙaramin ɓera, jefi-jefi, kada ta amayar.