Yadda ake cire sitika da gam daga gilashin windo ba tare da ya karce ba

Toh jama'a, duk wanda ya taɓa sa sabon windo na alminiyam ya san wannan matsalar. A haɗa maka windo mai kyau a kasuwar Panteka ta Kaduna a kawo a ɗaura, sai ka ga kowane gilashi da sitikar kamfani a gefe, ga salatif ɗin da masu fenti suka liƙa suka tafi suka bari, ga yara ma sun ƙara nasu na 'yan ƙwallo. A ce za a cire gobe, goben ta koma wata shida, ranar Kaduna ta Maris da Afrilu ta gasa gam ɗin ya ƙame, hunturu ya zo ƙura ta bi ta manne a kai ya yi baƙi ƙirin. Abin da ke min ciwo wallahi shi ne in ga mutum ya ɗauko soson ƙarfe ko wuƙar kicin ya hau gurza. Gam yana fita ko da ya shekara, amma gilashi in ya karce shikenan sai dai canji, kuma kowa ya san kuɗin gilashi yanzu.

Kafin ka taɓa komai fara duba wane irin gilashi ne. In fari ne na gama-gari babu damuwa, reza ma za ta hau. In kuma mai duhu ne, sa farce a can ƙarshen gefe ka ji, akwai wanda duhun a cikin gilashin yake, akwai wanda leda ce aka shimfiɗa masa ta ciki, akwai kuma mai ɗaukar ido kamar madubi ɗin nan da ake yayi, shi wani shafe ne aka yi masa a fuska ɗaya. Waɗannan biyun na ƙarshe kar reza ta kusance su, tsohon katin ATM za ka nema.

Sai ka duba ita sitikar, ta takarda ce ko ta roba, don ba hanya ɗaya ake bi ba. Ta takarda tana shan ruwa. Ka sami ruwan ɗumi ka ɗiga sabulun wanke-wanke, ka jiƙa tsumma ko tsohuwar jarida sharkaf ka manna a kai ka bar shi kamar minti 15. Lokacin hunturu kafin ka juya ya bushe, to ka rufe da leda a sama don laimar ta zauna. Ruwan ɗumi na ce fa ba tafasasshe ba, in ka watsa wa gilashi mai sanyi ruwan zafi da asuba yana iya tsagewa nan take.

Ta roba kuwa ko ka kwana kana zuba ruwa ba ya ratsa ta, zafi take so. In da wuta ka ari handirayar uwargida ta busar da gashi ka riƙa kaɗa ta a kan sitikar daga ɗan nesa kamar tsawon tafin hannu, kar ka tsaya wuri ɗaya, minti ɗaya ko biyu ya isa. In ba wuta kuma ai ba sai an tada janareto ba, ka jira lokacin da rana ta bugi windon sosai, ka taɓa ka ji ya yi ɗumi. Sai ka ɗaga kusurwa ɗaya da farce, ka riƙa ja a hankali kana kwantar da ita baya a jikin gilashin, ba fizga za ka yi ba, don fizgar ce ke sa ta yage ta bar gam ɗin duka a baya, in ka ji ta fara tauri ka ƙara mata zafi ka ci gaba.

Yanzu maganar reza, nan ne ake ɓarna. Sabuwa fil za ka sa, tsohuwa mai tsatsa ko wadda bakinta ya gutsure ita ke jan layi. Ka naɗe gefe ɗaya da salatif saboda yatsunka. Gilashin ya kasance a jiƙe da ruwan sabulu ko da yaushe, kar ka taɓa kankarar busasshe. Ka kwantar da rezar sosai kusan ta jingina da gilashin, ka tura gaba, ka ɗaga, ka goge bakinta a tsumma, ka sake turawa. Kar ka yi gaba da baya, don in ƙwayar yashi ɗaya ta shiga ƙarƙashinta a dawowar ce za ta zana maka layi, kuma yashi da ƙura ba sa rabuwa da windunanmu, shi ya sa nake so a fara ɗauraye gilashin gaba ɗaya tun farko.

Bayan sitika ta fita sai a bar ka da wannan danƙon mai kama yatsa. Ruwa ba ya narkar da shi, mai ne ke narkar da shi. Ni man gyaɗa na fi so, yana kicin, ba wari, ba ya cin roba ko fenti. Ka shafa da yatsa ya rufe wurin, ka bar shi minti 20 ko rabin awa, sai ka tura da kati za ka ga yana naɗewa yana dunƙulewa kamar tsohon cingam. In gam ɗin ya tsufa ya ƙi, ɗan kananzir a tsumma yana yi da sauri, ko sifirit ɗin da ake sayarwa a kemis, ka danna tsumman a wurin ya ɗan jima kafin ka murza. Abin goge jan farce ma yana ci, sai dai yana lalata ledar duhu da fenti da robar da ke riƙe gilashi, in za ka sa to a farin gilashi kawai kuma kar ya gangara ƙasa. A buɗe winduna, a yi nesa da risho da gas. Fetur dai dan Allah a bar shi, musamman a ɗakin da yara ke kwana.

Daga nan sai wanki da ruwan sabulu don man ya fita, in ba haka ba ƙura za ta dawo ta zauna a daidai wurin. Ɗan khal a ruwan ɗauraya yana sa sheƙi, ka goge da busasshiyar jarida. Amma kar a haɗa khal da bilic irin su Hypo ko Jik, iskar da ke tashi tana cutar da huhu.

Masu mota da har yanzu sitikar zaɓen 2023 na gilashin baya, haka ɗin za ku bi, sai dai in ta ciki aka liƙa kar a sa reza, siraran layukan nan masu kore raɓa a jikin gilashin suke, reza na tsinka su. Kati da mai kawai, kuma a bi tsawon layin ba a tsallaka shi ba. Wanda ke kan gini kuma ya gaya wa mai fenti tun wuri, Malam in ka gama ka cire salatif ɗinka a ranar ko washegari, ita ma ledar jikin alminiyam a ɓare ta da zarar aiki ya ƙare kafin rana ta gasa ta.